Shaidar Tela Ranar da Yaya Ya Dawo Coci

A cocinmu ni ce mai riƙe makirufo a lokacin shaida. Aikin ba wani mai wuya ba ne. Kafin a fara sujada, duk mai son faɗin abin da Ubangiji ya yi masa sai ya same ni a bakin ƙofa ya gaya mini a taƙaice, don kada wani ya tashi ya cinye mana safiya da labarin ciwon haƙorinsa. Amma ranar Lahadin da Tela, mai shagon ɗinki, ta tare ni, sai aikin ya yi mini wuya.

"Ina da shaida, Anti," ta ce. "A kan motar nan."

Motar nan kowa ya san ta. Bas ce ta kwaso 'yan kasuwa, direban ya sha ya yi tatul, ya kai su ƙarƙashin tirela. Matar yayana tana ciki. Tela ma har ta zauna ta ɗora jaka a cinya, sai ta tuna ta bar dutsen guga a kunne a shago, ta sauka da gudu. Kafin ta dawo, mota ta tashi.

Kuma ranar ce Yaya zai taka coci karon farko tun da muka binne matarsa. Na yi ta roƙonsa har bakina ya gaji. Da ƙyar ya ce, "Zan zo. Amma in na ji abin da ba zan iya haɗiyewa ba, kada ki ƙara kirana."

Na bar Tela a tsaye na ruga ɗakin bayan bagade. Fasto yana gaban madubi yana fama da kwalar rigarsa.

"Baba, a hana ta. Ta bari sai wani makon."

"In hana mutum gode wa Allah, 'yata?"

"To za ta ce Allah ne ya tuna mata da dutsen guga. Shi Yaya ya ce me? Allah bai ga matarsa ba ne? Ko ya gan ta ya ƙyale?"

"Direba ne ya sha giya, ba Allah ba. Allah ya ba mutum 'yancin zaɓi, ko da zai zaɓi mugunta."

"Na yarda. Amma wanda ya iya sauke Tela ai zai iya sauke mutum biyu. Taya ma zai iya fasawa tun a tasha."

Ya saki kwalar ya dube ni. Na zaci zai jawo mini aya, don ba ya rasa su.

"Ban sani ba," ya ce. "Na san bai hana Ɗansa hawa gicciye ba, nan ilimina ya tsaya. Je ki, an fara waƙa."

Na fito ina jin haushinsa, haushin Tela, har da na dutsen guga.

Yaya yana bencin ƙarshe, dab da ƙofa, hularsa a gwiwa kamar mai jiran a kira shi wurin likita. Ni kuwa na kasa zama. Na gyara labule, na duba batirin makirufo, na sake dubawa. Na yi tunanin in zare batirin in ce ya mutu. Na yi tunanin in fara miƙa wa wani tsoho mai dogon labari ya cinye lokacin. Duk ban yi ba. Da Fasto ya ce lokacin shaida ya yi, Tela ce ta fara tasowa, ni kuma hannuna ya miƙa mata.

"Ku yabi Ubangiji," ta ce, muryarta can ƙasa. Jama'a suka amsa da ƙarfi. Ta ba da labarin jakar, da shagon, da yadda ta sauka. Wata daga cikin mawaƙa ta ɗaga hannu ta yi ihu, "Allah mai iko! Ya san nasa!"

Ya san nasa. Kamar in shaƙe ta.

Benci ya yi ƙara a baya. Ban ma juya ba na san Yaya ne ya miƙe. Tela ta gan shi, maganarta ta tsinke.

"Ni ban sani ba," ta ce, tana kallonsa. "An ce in zo in gode. Amma tun ranar ko abinci ba ya wuce mini. Ban fi matarka da komai ba, Yaya. Ban san ko godiya zan yi ko haƙuri zan ba ka ba."

Ƙofa tana gefensa a buɗe. Ya daɗe yana kallon ƙofar, yana murza hular nan. Sai ya taho ta tsakiyar coci a hankali, ya tsaya gaban Tela. Bai karɓi makirufo ba, amma har na baya sun ji shi.

"Ki gode masa, ƙanwata. Yaranki suna da uwa. Ki gode masa sosai, har da nawa, don ni bakina bai buɗe ba tukuna. Ni da shi akwai magana a tsakaninmu. Kuma a gidansa zan yi ta, ba a waje ba."

Ya zauna a bencin gaba, ya sunkuyar da kai.

Tela ta yi godiyarta tana kuka, babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya tafa. Ni na karɓi makirufo na riƙe mata har ta gama.