Katin Baba Shauƙi

"Kar ki yi ihu, Ummu Adil! Don girman Allah haɗiye shi."

Ni'imat ta toshe mini baki da tafin hannunta. Mahaifinta, Baba Shauƙi, na miƙe a kan gado, ta riga ta ɗaure masa haɓa da ɗankwalinta. Shekara ashirin ƙofarsa na kallon tawa a benenmu na Imbaba. A unguwar nan, da rai ya fita mata ke kwarma ihu ta taga, kowa ya saki abin da yake yi ya taho. Ni kuwa ba a taɓa riga ni ba.

"Yau ɗaya ga wata," in ji ta. "Bari in karɓo shinkafa da mai tukuna."

Nan na gane. Katin tallafin da ke ciyar da ita da marayunta uku da sunan tsohon yake. Tun da aka sauya tsari, da an rubuta mutuwar mai kati na'ura ke rufe shi, sabo kuwa sai an yi watanni ana zarya. In mai shago ya ji ihu, ba zai taɓa katin mamaci ba.

Ta fita a guje. Na kunna fanka, na zauna da gawa.

Wajen ƙarfe goma aka buga ƙofa. Ramzi wanzami ne, abokin marigayin, da jakar askinsa.

"Ina tsohon banzan nan? Ko gemun zai bar wa jikoki gado?"

"Barci yake, Baba Ramzi."

Ya leƙa ta saman kafaɗata, ya daɗe yana kallon ƙafafun da na lulluɓe.

"To, a bar shi ya huta," ya ce a hankali. "Ina nan kan matakala. Ba wanda zai hau."

Na'urar shagon ta yi ta gardama, sai gab da azahar Ni'imat ta dawo. Ta dire kayan, ta buɗe taga, ta dafa ƙarfen da hannu biyu, ta buɗe baki. Babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa, shiru.

"Ummu Adil," ta ce, "ya ƙi zuwa. Yi mini."

Na yi mata. Ita kuwa ta zauna a ƙasa kusa da gadon, kwalbar man na kan cinyarta.