Soson da ya sha rana

Malam Sammani mai fitilun gilashi a Ƙofar Kaura ba ya barin kwali ya fita daga shagonsa sai ya danna soson da ya naɗe kayan da babban yatsa. In soson ya tokare yatsan, kaya sun shirya tafiya. Shekara tara gwajin nan bai taɓa ba shi kunya ba.

Bana ya sa na'urar sanyaya ɗaki. A cikin sanyin, ko siririn soso tauri gare shi, sai ya daina ninka shi biyu.

Wata Larabar bazara, Tanko direba ya ɗaure kwali shida a saman motarsa zuwa Jibiya. Da la'asar ya dawo da huɗu, suna ƙara kamar tsakuwa a gwangwani.

"Gudu ka yi," in ji Sammani, ko gaisuwa bai amsa ba.

Tanko ya zaro soso daga kwalin da ya wuni a rana, ya aza kan murfin motar. "Malam, danna."

Yatsan ya nutse har ya taɓa ƙarfe. Sammani ya shiga da soson shago, ya bar shi ya huce, ya sake dannawa. Ya tokare shi daram, kamar bai san abin da ya faru ba.

"Ga shi lafiyarsa lau," in ji Sammani.

"A nan dai," in ji Tanko daga bakin ƙofa. "Amma ba shagonka na ɗauka zuwa Jibiya ba."