Ludayin Baba Gancho

"Tsaya! Ku tsaya! Wannan waƙa ce ko kukan kaji?"

Malama Nevena ta buga tebur har kwamfutar ta girgiza. Tun da annoba ta rufe makarantar, ƙungiyar mawaƙanta ta koma abin dariya. Ta intanet suke atisaye, kowa daga gidansu, kuma muryar kowane yaro tana isowa a makare, kowa da nasa lokacin. Rabin yaran sun gudu, kuma shugaban makaranta ya faɗa mata ƙarara: in ranar Juma'a ba su yi waƙa ɗaya tare ba, zai rushe ƙungiyar. Shi da ko fito bai iya ba!

"Malama, wallahi ba ni ba ce," in ji Radka, ɗalibarta mai baki. "Lyuben ne ke jan waƙar kamar akuya."

"Ke ce akuyar!" in ji Lyuben.

Nevena ta daka musu tsawa, ta ɗauko baitin da kanta da ƙarfi. Nan take bututun ruwan zafin da ke ɗumama gidan ya ɗauki ƙara: ƙwang, ƙwang, ƙwang. Baba Gancho ne, tsohon da ke hawa na ƙasa. Haka yake dukan bututun da ludayi duk sanda ta buɗe baki, don ta yi masa shiru. Ranta ya ɓaci matuƙa.

Sai ta ga kawunan yaran a fuskar kwamfutar suna kaɗawa tare. Duk waɗanda suka rage a wannan dogon benen suke zaune, kuma bututu ɗaya ne ya ratsa ɗakunansu. Ƙarar na isa ga kowa a lokaci guda.

"Ku cire abin sauraron da ke kunnenku! Kada ku saurari juna, ku bi ludayin!"

Suka bi. Ta buɗe ƙofarta, ta ji muryoyinsu suna hawowa ta matakala a haɗe, karo na farko tun da aka rufe su. Hawaye ya cika mata ido.

Ana tsakiyar baiti na biyu, tsohon ya gaji ya daina. Waƙar ta fara wargajewa.

Nevena ta ruga taga ta leƙa ƙasa.

"Baba Gancho! Ƙarfin ke nan? Ashe tsufa ya gama da kai!"

"Ni kike faɗa wa haka, marar kunya?"

Ƙwang! Ƙwang! Ƙwang!

Ta koma gaban kwamfuta tana share ido.

"Daga farko," ta ce. "Kuma ranar Juma'a kada wanda ya kuskura ya gaishe shi. In ya huce, wa zai buga mana ludayi?"