Injin da Ke Cikin Rumbu

A shekarar da damina ta yaudare mu, sojoji kuma suka karɓi mulki, takarda ta iso Matamaye cewa kada a ƙara tada injin wuta a cikin ɗaki, ko zaure, ko kusa da ƙofa da taga. An ce hayaƙinsa ya kashe mutanen wani gida a wani gari. Ni Shekara, ma'aikacin tsabta na meri, wato ofishin magajin gari, ni aka ɗora wa bin gida gida. Ban so aikin ba. Mutane na neman abin da za su sa a baki, ni kuma ina sallama ina tambayar inda suka ajiye gurup, wato injin wutar.

Wata Laraba da hantsi na ji gurnanin inji a wani lungu. Amma gurnanin ba irin wanda na saba ji ba ne, can ƙasa-ƙasa yake kamar an kifa masa tukunya. Na bi shi har gidan Muntaka, wanda ya tafi cin rani Kano. Matarsa Fadima ta amsa sallama, ta ce in shigo. Ga wayoyin salula na masu biyan kuɗin caji kusan goma jere kan tabarma suna shan caji. Na leƙa madafa, na leƙa bayan ɗaki, ban ga inji ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da son sanin ƙwaƙwaf, sai na kama igiyar wutar na yi ta bin ta, har ta hau jikin rumbun ƙasa ta shige ƙarƙashin jinka.

"Yaya Fadima, a rumbu kika sa shi?"

"Mushe, ai da kunnena na ji dokar a rediyo," in ji ta, don Mushe ake ce wa ma'aikaci a wajenmu. "Ba ɗaki ba, ba zaure ba, ba kusa da ƙofa ko taga ba. Nuna mini tagar rumbu."

Na sake duba takardata. Wanda ya rubuta takardar nan, ina jin bai taɓa ganin rumbu ba sai daga cikin mota.

Na ce, "Me ya hana ki ajiye shi a fili?"

Ta dubi katangar maƙwabta, ta rage murya. "Gidan can jiya ba su ɗora tukunya ba. Da wane ido zan bar inji yana shan man esansi yana yi musu ihu a kunne? Rumbun kuwa tun watan azumi ba komai ciki."

Na taka tsani na ɗaga jinkar da ta tokare da kara. Zafi da wari suka bugi fuskata, na kau da kai ina tari. Can ƙasa injin ke rawa, ba ko zangarniya ɗaya a gefensa. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne sawun ƙafa da na gani a kan tokar da ke ƙasa.

"Wa ke shiga ya zuba mai?"

"Ni mana. Sau uku a yini. In kashe shi, in zuba, in tayar, in tsaya in ji ya daidaita."

"In kin fito, kanki ba ya sarawa? Ba kya ganin jiri?"

Fuskarta ta canja, kamar na buɗe mata kwano a gaban baƙi. Ta ce wa ya faɗa mini. Na ce ba kowa. Ta daɗe tana murza bakin mayafi kafin ta ce shekaranjiya sai da ta zauna a ciki ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, da ƙyar ta kama bakin rumbu ta fito. Ba ta gaya wa kowa ba, don kada a ce matar Muntaka yunwa ta kayar da ita.

Raina ya ɓaci, ban ma san da wa ba. Na cire igiya daga turken da ba akuya, na sa ta kashe injin da dogon kara daga sama, muka jira iska ta ratsa, sannan na shiga na ɗaure shi muka jawo shi waje. Na auna taku goma daga ƙofar ɗakinta, na ajiye shi gindin bishiyar bedi. Na yi mata bayanin cewa mugun hayaƙin ba wanda ake gani ba ne, ba shi da wari, a wuri rufaffe yake taruwa, ya sa mutum kasala har ya kwanta bai tashi ba. Na ce ta je gidan likita yau, ba gobe ba.

"Ashe hayaƙi ne," ta ce, har da ƴar dariya. Na ga ta ji daɗi ƙwarai, ni ma na ji.

Na kai bakin zaure ke nan ta kira ni.

"Mushe, to jirin da nake ji da safe fa, tun ban tada shi ba? Shi ma hayaƙin ne?"

Na tsaya riƙe da takardata, ina duban rumbun da ba ko zangarniya ɗaya a cikinsa. Na san amsar, ita ma ta sani.