Shafin da Muke Tsallakewa

Gefen shafin ya fi na sauran laushi, ya yi duhu kamar inda babban yatsa ya daɗe yana zama. Na lura da hakan ne a daidai lokacin da na haɗa shi da na bayansa na juya su tare, na ci gaba da karatu kamar ba abin da ya faru.

"Digiri," in ji Baba Mai Walda daga kan katifarsa. "Kin tsallake."

"Ban tsallake ba, Baba."

"Yanzun nan tana tsaye bakin gado da kwanon ruwan ɗumi, shi yana kwance. Sai kawai na ji gari ya waye ana sauke kaya a tashar jirgi. To daren ina ya shiga? Ɓarawo ya ɗauke?"

Na sunkuyar da kai, duk da na san ba ya ganina.

Bangonmu ɗaya da shi. Shagon waldarsa yana gaban gidan, a garƙame tun da hasken wuta ya ƙarasa cinye masa ido. Ni kuwa na gama jami'a ina zaman jiran aiki, sai Umma ta ɗora mini kai masa shayi da yamma. Wata rana, bayan ya tabbatar 'yarsa Anti Nas ta tafi asibiti aiki, ya laluba ƙarƙashin katifa ya zaro wani abu naɗe a tsohuwar safar hannu ta fata, duk ta sha ƙunar tartsatsi. Littafi ne, ba bango, ba sunan marubuci, an ɗinke bayansa da siririyar waya.

"Na uwar yaran ne," ya ce. "Ni ban da lambobin kan tef ɗin awo ban san komai ba. Ita take karanta mini. Amma fa tsakaninmu, Digiri. Kada yaran nan su ji."

Labarin soyayya ne. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya rasa ƙafa a wurin aiki, ya dawo gida yana korar matarsa don kada ta ƙare rayuwarta a jinya, ita kuma ta ƙi tafiya. A ajinmu irin wannan muke kira littafin kashe lokaci, kuma da farko da muryar mai yin alfarma nake karanta shi. Ban san ranar da na fara ɗokin yamma ta yi ba. Na dai san akwai ranar da na ƙona wa Umma tukunya ina tunanin ko mutumin zai yarda ya riƙe sandar da aka sassaƙa masa.

Baba ya san littafin kamar tafin hannunsa. Leɓensa yana motsi tare da nawa. In na yi tuntuɓe ya gyara mini, in mugun ɗan'uwan mijin ya shigo labarin ya yi tsaki ya ce, "Ga ɗan banzan nan ya zo." In matar ta yi magana sai ya yi tsit, hannuwansa masu ɗigo-ɗigon tabon wuta a kan ƙirjinsa.

Ranar da ya kama ni, na ɗauka faɗa zai yi. Sai na ji yana dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ita ma daidai nan take tsallakewa," ya ce da ya samu numfashi. "Mun zagaye littafin nan ya fi a ƙirga. Da an zo kan kwanon ruwan ɗumin nan sai ta ce wai ta ji kamar yaro na kuka. In ce mata, ke, yaran nan har gemu sun fara. Ta ce to tukunya ce. Har ta bar duniya ban ji abin da ke shafin nan ba."

"Ba ka ba wani ya duba maka ba?"

"Wa? Injiniya? In ce masa zo ka karanta wa ubanka soyayya?" Ya juyo da fuskarsa wajena. "Abin kunya ne a ciki?"

"A'a."

"Zagi ne?"

"A'a, Baba. Magana ce kawai take yi masa."

"To karanta."

Na buɗe. Na ga layin farko. Ni da ko a aji in an ce in tashi sai muryata ta maƙale, ta yaya zan faɗi waɗannan kalmomin a gaban tsohon da ya girmi mahaifina? Na ce masa gobe. Ya ce, "Allah ya kai mu. Ku mata bakinku ɗaya."

Gobe ta yi, na ce maƙogwarona na ciwo. Jibi muka ci gaba daga tashar jirgi. Bai sake matsa mini ba, sai dai in zan tafi ya ce, "Digiri, ina nan fa ina jiran darena."

Sannan ƙirjinsa ya tashi. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da tukunyar iskar numfashi, kuma daga yadda Anti Nas ta daina yi masa faɗan shan magani na gane abin da likitoci suka ce. Gidan ya cika. Injiniya, babban ɗansa, ya iso da mota ya ajiye ta a ƙofar shago. Ƙannen Baba mata biyu suka shimfiɗa tabarma a ɗakin, surukai na shiga suna fita da kwanuka.

Da yamma na kai shayi kamar kullum, niyyata in ajiye in juya. Ya gane takuna.

"Digiri ce?"

"Ni ce, Baba. Sannu da jiki."

Ya janye robar iskar daga hancinsa. "Zauna. Ɗauko shi. Ki karanta mini shafin nan."

Idanu suka dawo kaina gaba ɗaya.

"Wane shafi?" in ji Injiniya.

Baba yana ta laluben ƙarƙashin katifa. Injiniya ya durƙusa ya taya shi, ya zaro safar, ya warware ta. Ya juya shafuka yana karanta wani layi a ransa, sai ya saki dariya, irin ta mutumin da ya kwana biyu yana neman abin da zai sa shi dariya.

"Kai, Baba! Soyayya? Goggo, kun ga abin da yayanku yake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa?"

"A kawo mu gani," in ji ɗaya daga cikin goggonnin. "Tsoho da ranka. Ashe shi ya sa ake ta kawo shayi."

Aka yi dariya. Ba da mugunta ba, na san haka. Amma Injiniya ya juyo gare ni yana murmushi ya ce, "Ƙanwata, ke da kika yi jami'a, wannan kike karanta masa?"

"A'a," na ji bakina ya ce. "Ni shayi kawai nake kawowa. Ban san shafin da yake nufi ba."

Baba ya mayar da robar hancinsa da kansa, ya juya fuskarsa bango.

"Zafin ciwo ne," in ji goggon. "Tun safe yake sambatu."

Na fita ban ɗauki faranti ba. A gida Umma na tsintar shinkafa, ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Me kika fasa?"

Na gaya mata duka. Ba ta ɗago ba.

"Kunyar wa kika ji?"

"Mutane ne cike da ɗakin, Umma."

"Shi ma ai a gabansu ya roƙa." Ta watsar da tsakuwa. "Abin da ya ɓoye wa 'ya'yansa tun ba a haife ki ba. Je ki ɗauko mini farantina gobe."

Washegari da hantsi na shiga. Baƙin sun fita tsakar gida, ana jin muryar Injiniya yana waya. Anti Nas kaɗai ce a ɗakin tana ninke zannuwan gado. Littafin yana kan taga, an ɗora kwalbar magani a kansa.

"Ba ya magana tun asuba," ta ce. "Amma yana ji. Ji shi ne ke tafiya a ƙarshe."

Na ɗauke kwalbar. Na zauna a ƙasa kusa da kansa, inda na saba.

"Baba, Digiri ce." Numfashinsa yana fita da ƙara kamar ana jan ƙarfe a siminti. "Jiya ƙarya na yi. Na san shafin."

Ban sha wahalar nema ba, yatsana ya same shi da kansa. Na fara daga kwanon ruwan ɗumi. Na ji Anti Nas ta daina ninki, amma ban tsaya ba.

Matar ta ajiye kwanon, ta zauna bakin gado, ta ce wa mijin: "Kana cewa in tafi don ba ka san komai ba. Ba ka san in ka fita aiki nakan ɗauki rigar da ka cire in sa fuskata a ciki ba. Warin hayaƙi da gumi, shi nake shaƙa kafin in wanke. Ba ka san na san takunka tun daga kwanar layi ba, in tashi in kama shara don kada ka tarar ina jiranka. Ban taɓa faɗa maka ba don bakina ba ya iyawa. Ina son ka. Da ƙafa, ba ƙafa, ina son ka, kuma ba inda za ni."

Shi ke nan abin da ke shafin, sai kawai ta wanke masa ƙafar da ta rage.

Da na ɗago, Injiniya na tsaye a bakin ƙofa, wayar a hannunsa, ana ta magana a cikinta ba ya amsawa. Na mayar da idona kan Baba.

"Baba, akwai abin da ban gaya maka ba. Duk littafin nan, shafin nan ne ya fi tsufa. Gefensa har ya yi laushi. Ta karanta shi fiye da ko'ina."

Na ɗago hannunsa, yana da nauyi da sanyi, na ɗora babban yatsansa a wurin. Na daɗe ina kallo. Can sai yatsan ya motsa, a hankali, ya shafa gefen takardar, ya koma, ya sake shafawa, kamar yadda yake gwada bakin ƙarfe in ya gama gogewa. Anti Nas ta juya ta fuskanci bango da zanin gado a hannunta.

Da asubar washegari muka ji kuka ta bango. Umma ta ce, "Allah ya ji ƙansa," ta tashi tana neman mayafinta.

Bayan baƙi sun watse, ranar da ake kwashe kayan ɗakin, na fito zan zubar da shara na ga Injiniya zaune a dakalin shagon, ƙarƙashin ƙofar ƙarfen da Baba ya haɗa da hannunsa. Safar fatar tana kan gwiwarsa. Yana juya shafukan littafin gaba, ya dawo baya, ya sake gaba. Ya gan ni, ya yi kamar zai rufe littafin, sai ya fasa.

Na ajiye kwandon. Na karɓa, na bi gefen takardun da yatsa har na ji laushin, na buɗe na miƙa masa.

Ya sa yatsansa a wurin ya rufe littafin a kai. Ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa, ya wuce motarsa ba tare da ya buɗe ta ba, ya bi layin da ƙafa.