Yaya Ya Zo Na Uku

Sunan yayanta ne ya fito a allon kwamfuta, na bakwai a jerin mahalarta. Sakatariyar ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Yana nan daram, da koren ɗigo a gefensa, alamar mai sunan yana kan layi. Wata biyar ke nan da aka kai Yaya makwancinsa.

Ma'aikatar ruwa, inda Yaya ma ya yi aiki, ita ce ta wajabta wa kowa wannan kwas na intanet. Malami yana can hedikwata yana koyarwa, ma'aikata suna bi daga teburansu, wanda bai shiga ba a cire shi daga jerin masu aiki. Kyamarar Yaya a rufe take, amma ana amsa tambayoyin malami da sunansa. Ta tura saƙo: "Waye wannan?"

Nan take ɗigon ya mutu.

Ta ɗaga kai ta ƙare wa ofishin kallo. Mai kula da kwamfutoci ya duƙufa kan wayarsa. Akawu ya karkata allonsa zuwa bango, abin da ba ta taɓa ganin ya yi ba.

*

Ta sami shugaban sashe yana yanke farce.

"Ranka ya daɗe, marigayi ya shiga aji yau."

"Allah Ya jiƙansa. Kin san halin na'ura, ba ta da hankali."

"Na'urar ce take amsa masa tambayoyi? Ni da hannuna na ajiye takardar rasuwarsa a teburin nan."

Ya hure farcen daga kan fayil. "Malama, saura shekara nawa ki yi ritaya?"

"Biyu."

"To, ki lallaɓa su."

Washegari ta shiga aji ta tarar an ɓoye jerin mahalarta. Tun daga ranar, in ta shigo ofis hira ta yanke. Wani a cikinsu yana cin albashin Yaya, kuma shi ɗin yana gaishe ta kowace safiya, har ya tambayi lafiyar marayu. Kowa ya yi mata murmushi sai ta bi bayansa da ido.

*

Bayan wata guda masinjan hedikwata ya kai wata takarda cikin ambulan gidan marigayin. Matar Yaya ba ta karatun boko, sai ta aika aka kira sakatariyar.

"Gwaggon yara, duba min. Lafiya dai ko?"

Takarda ce mai kauri da tambarin zinariya.

"Shaidar gama kwas ce. An ce ya zo na uku."

Idanun matar suka ciko. "Dama shi akwai ƙoƙari. Ashe har karatu yake yi bai faɗa min ba."

Sakatariyar ta dubi kwanan watan da ke ƙasa: makon jiya. Ta ɗora babban yatsanta a kai. Matar kuwa ta miƙe tana shafa bango, tana neman ƙusar da za ta rataye takardar.