Fentin Gavrilo a Motar Zorka

A garin Chachak kowane bakanike da launinsa. In ya gama ɗaure noti sai ya ɗiga masa fenti, don a san hannun da ya taɓa. Na Budimir shuɗi ne. Na Gavrilo, wanda ya yi masa abokin ango, suka kuma raba gari a gareji shekara tara da suka wuce, rawaya.

Ranar Talata da safe Budimir ya ɗaga bonet ɗin motar matarsa Zorka zai ƙara ruwa, sai ya ga rawaya a wuri biyu a bayan dainamo, a kan regileta, wato abin da ke daidaita wutar da ke shiga batir.

Sau uku a watan nan motar tana mace wa Zorka a hanyar kasuwa, da cuku cike a baya. Duk ukun ya ce batir ne, ya yi caji, ya mayar.

Ya ɗauko mitar auna wutar batir. Mota a kashe, sha biyu da rabi. Ya tayar, sha huɗu da ɗan ɗoriya. Ya kunna fitilu da hita da waifa, ya ba ta wuta, yana jiran lambar ta faɗi. Ko gezau.

Zorka ta fito da kofi.

"Wa ya taɓa motar nan?"

"Ai ka iya karatun fenti, maigida."

"Da bakanike a gidanki ki kai wa Gavrilo? Kafin rana ta take duk gari ya ji."

"Bakaniken gidana motar kowa yake aunawa ban da tawa. Shi kuwa jiya ya sa mita, ko minti goma ba a yi ba ya ce gawayin da ke cikin regileta ya cinye, ya sa sabo."

"Sai me kuma ya ce?"

"Ya ce in gaishe ka."

Ta koma ciki. Budimir ya ɗora sifana a kan notin da ke riƙe da bel ɗin dainamo. In ya sassauta shi kaɗan kawai, bel zai riƙa zamewa, kafin Asabar mota ta mace, rawaya ta sha kunya. Amma a gefen titi Zorka ce za ta tsaya, ba Gavrilo ba. Ya daɗe hannunsa na kan sifanar, sannan ya cire.

Ya ɗauko gwangwanin shuɗi, ya shafe rawayar duka biyun.

"Ya ce za ka yi haka," in ji Zorka daga taga. "Ya ce ka bari nasa ya bushe tukuna."

Budimir ya duba. Fentin ya koma kore. A Chachak babu mai kore. Ya rufe bonet, ya miƙa mata makulli.